Minti Biyu Kafin Dutse Ya Tare Ta

Litinin, sha ɗaya da rabi na safe

Yau kwana huɗu da yanke layukan waya a ƙetaren gada, kwana huɗu ba mu ji muryar 'yarmu Auta ba. Wannan littafin na rubuta tashoshin da na yi magana da su ne, lambar kira da lokaci da ƙarfin murya. Na juyo shi ta baya ina rubuta wannan, don idan ban rubuta ba zan faɗa wa Mamanta, ita kuwa abin da ke kanta ya ishe ta.

Shekara talatin na yi ina rubuta rahoton gyaran na'urorin asibiti, saboda haka bari in jera abin da na sani. Auta tana aikin jinya a ƙaramin asibitin da ke gindin dutse, tafiyar awa uku daga nan. An rufe gada ranar Alhamis. A labarai sun ce ana shawo kan lamarin, ba su ce wane lamari ba, mu ma ba ma tambaya da ƙarfi. Auta tana da lasisin rediyo kamar ni, kuma ta tafi da ɗan rediyonta na hannu da wannan eriyar tata. Sannan Tsohuwa tana nan tana wucewa.

Tsohuwa muke kiran tauraron ɗan'adam ɗin da mu masu rediyon sha'awa muke magana ta cikinsa. Ba ta fi ƙaramin akwati ba. Ka aika murya sama, ta dawo da ita ƙasa ga duk wanda ke ƙarƙashinta, ko da ƙasashe uku ne tsakaninku. Batirinta ya mutu tun shekarun baya, sai rana ta taɓa ta take farkawa. Minti sha biyu take yi daga fitowa zuwa faɗuwa, amma na zauna da taswira na lissafa: daga inda Auta take, minti biyun farko kawai za ta same ta, daga nan dutse ya tare.

Don haka a minti biyun nan ba na wasa. Yau ta fito sha ɗaya saura minti goma. Injin ya juya eriyoyin kan rufi da kansa, kwamfuta ta riƙe mita, ni kuwa na danna makirufo na kira lambar Auta, na sake kira, na sake. Da ƙarfin wat hamsin. Muryata ta dawo min daga sama tangaran, kamar a cikin ɗakin nan nake magana. In dai ta kunna, ta ji ni.

Mamanta ta tsaya a bakin ƙofa da kofin shayi. "Ka ji ta?" Na ce tukuna.

Talata, sha ɗaya na safe

Babu.

Laraba, biyar na yamma

Kafinta ya zo, garin katako har a girarsa. Shi ya koya wa Auta wannan sana'ar tasu ta tsintar tarkace: a yayyanka tef ɗin awo na ƙarfe, a ɗaure a jikin bututun roba, a tsaya a fili ana nuna sama da shi ana murɗa mita da babban yatsa. Shekara ashirin muna ƙungiyar rediyo ɗaya, shekara ashirin yana kira na Injiniya da wata irin murya da ban taɓa so ba.

Ya gaishe da Mamanta, ya yi mata jaje, sannan ya leƙo ɗakina ya tsaya yana kallon fitilun na'urori.

"Injiniya, ni ma ina fita filin ƙwallo kowace safiya ina saurare."

"Da me?" na ce. "Da ma'aunin ƙofa?"

Ya yi dariya. Mutumin nan ba ya fushi, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. "Ina jin ka dai. Kai kam ana jin ka, har haƙorana ke rawa. Da ka ɗan riƙa barin fili tsakanin kira da kira."

Na ce ina bari, daƙiƙa uku cur, agogon kwamfuta nake kallo. Na ce minti biyu ne kacal, idan na zauna shiru wani daga can wata ƙasa zai shigo yana neman lambar yabo ta yawan tashoshi, ita kuma ba za ta san muna nemanta ba. Ya sosa ƙeya.

Abu ɗaya mai amfani ya faɗa. Kafin ta tafi ya buga mata jadawalin wucewar Tsohuwa na wata biyu a takarda, ta naɗe ta sa a jakar rediyon. Ni da nake musu dariyar takardar nan, yau na ji daɗin jin haka. Ban nuna masa ba.

Alhamis, goma da rabi na safe

Babu. Kullum Tsohuwa tana riga jiya fitowa da kusan kwata. Na ja lissafin gaba: Asabar ta uku daga yau, wato nan da kwana goma sha shida, za ta riƙa wucewa kafin rana ta fito, a bacci. Na rufe shafin lissafin da Mamanta ta shigo share ɗaki, kamar za ta gane lambobin.

Jumma'a, sha biyu na rana

Na sauko da na'urar ƙara ƙarfi daga saman kabad, na kaɗe ta, na haɗa. Wat ɗari. A ƙa'ida ba a yi wa Tsohuwa haka, biyar ma ya isa, ni da kaina na sha koya wa sababbin shiga. Amma ƙa'ida ta mutanen da 'ya'yansu ke gida ce.

Wani mai tasha daga nesa ya jira na saki makirufo, ya ce cikin ladabi in taimaka in rage, ana so a shiga. Na ce gaggawa ce, 'yata nake nema. Ya ce Allah ya bayyana ta, ya bar min fili. Sai na ji kunya, sai kunyar ta koma fushi, na ci gaba da kira.

Abin da nake so da kayana shi ne tsafta. Ba na jure shuuu ɗin nan na sararin sama, kunnena na hagu ya daɗe yana ƙugi. Ina da matatar sauti a kwamfuta mai share hayaniya, ɗaki ya yi tsit sai murya ta gaske ta shigo. Su Kafinta kuwa suna tsaye a rana suna shan shuuu a kunne kamar masu suyar ƙwai.

"Ka ji ta?"

"Tukuna."

Asabar, shida na yamma

Bayan wucewar safe na ɗauki mota na nufi gada. Ban gaya wa Mamanta ba, na ce zan sayo waya ta eriya.

Tun da sauran nisa aka jera ganguna a titi. Wani mai hula ya leƙo ta taga ya ce Baba juya. Na ce 'yata ma'aikaciyar jinya ce. Ya ce Baba kowa da wanda ya bari a can, juya. Bai ɗaga murya ba, idonsa ja wur, ina jin shi ma bai yi bacci ba.

A gefen hanya akwai mutane zaune a kan kayansu. Na bi su ɗaya bayan ɗaya da hoton Auta a waya. Wata mata mai jariri ta ce ta san ta, doguwa mai saurin magana, ita ta yi wa yaron allura. Na ce yaushe? Ta ce kafin. Na ce asibitin fa? Ta gyara goyo ta kalli wani wajen.

Na dawo da wayar eriya mita goma da ba na bukata.

Lahadi, goma na safe

Babu. Yau ce ranar hutunta, da tana gida. Mamanta ta auna shinkafar mutum uku, ta tuna, ta tsaya da kwanon a hannu.

Litinin, tara da rabi na safe

Babu. Na duba komai daga makirufo har ƙarshen eriya, babu aibi ko ɗaya. Muryata tana zuwa tana dawowa kamar kullum. Idan akwai matsala ba daga nan take ba.

Na rubuta wannan layin sau biyu a raina kafin in sa a takarda, kuma bai yi min daɗin da na zata ba. Idan ba daga nan take ba, daga can take.

Talata, tara na safe

Babu.

Laraba, huɗu na yamma

Mamanta ta daina tambaya. Tana kawo shayin ta ajiye a kan teburin, ta kalli bayana, ta fita. Gara tambayar.

Yau ta shiga ɗakin Auta ta fito da komai tana gogewa. A ƙarƙashin gado ta sami guntayen tef ɗin awo masu launin rawaya da ƙaramin zarto. Ta kawo min a tafin hannu ta ce, "Baban Auta, wannan na zubarwa ne?" Da can da na ce tun ranar da aka ƙera shi na zubarwa ne. Na ce ta mayar inda ta gani.

Akwai maganar da na yi ranar da za ta tafi, a bakin mota. Ba zan rubuta ba.

Alhamis, tara na safe

Na hau rufi na sa wa injin juya eriya mai, ko da yake bai nema ba. Daga can sama ana hango wajen gada. Na ce ba zan duba ba. Na duba.

Jumma'a, takwas da rabi na safe

Babu. Muryata ta dishe. Na naɗi kiran a kwamfuta, yanzu maɓalli kawai nake dannawa ta kira da kanta, daƙiƙa goma sha biyu kira, daƙiƙa uku jira. Ya fi nawa daidai.

Kafinta ya aiko saƙo wai in zo fili gobe mu saurara tare. In bar kayan da na kwashe shekara tara ina haɗawa in je in riƙe masa bututu. Ban amsa ba.

Asabar, takwas na safe

Babu. Saura mako ɗaya.

Lahadi, takwas na safe

An ɗauke wuta bakwai da minti ashirin, saura kwata Tsohuwa ta fito. Injin wuta ya ƙi tashi. Na ja igiya har kafaɗata ta amsa, na zage shi, na roƙe shi. Batirin ajiya yana ɗaukar fitila da kwamfuta, ba ya ɗaukar injin juya eriya da na'urar ƙarfi. Eriyoyin suna kallon yamma inda na bar su jiya, ita kuwa ta gabas za ta fito.

Na tsaya a tsakar gida da agogo a hannu ina kallon sama, inda babu abin gani. Minti biyu suka wuce. Karo na farko cikin kwana goma sha bakwai ban kira ta ba. Idan yau ta kunna, za ta ce mun gaji.

Na zauna a kan matakala na yi kuka. Na rubuta don gaskiya ne.

Lahadi, sha ɗaya na safe



Kafinta ya shigo ba sallama, da eriyarsa a kafaɗa, bai ko naɗe ta ba. Ya ce ina Mamanta? Na ce ta je wajen ƙanwarta. Ya ce to zauna. Ya ɗora wayarsa a kan teburin, irin naɗin da kowannenmu ke yi don rubuta lambobi daga baya, ya kunna.

Shuuu. Shuuu mai yawa. Sai murya can ƙasa, siririya, tana zamewa, ana jin yatsan Kafinta yana bin ta da murɗa. Lambar kiranta, harafi bayan harafi, yadda na koya mata tun tana sakandare.

"...mu tara ne, muna ɗakin ajiyar magani. Akwai ruwa. Ba na jin kowa, ɓangaren sauraro na rediyon ya mutu tun makon farko. Ina kira ne kawai a kan jadawali. Duk wanda ya ji, ya gaya wa..." Dutse ya tare.

Na sa ya maimaita sau huɗu. Na kama hannunsa da hannu biyu, mu da ko gaisawa ba ma yi sosai. Na ce tana da rai, Kafinta, tana da rai. Ya ce alhamdulillahi. Na ce ka ga ikon Allah, ranar da kayana suka kwanta ita ce ranar da ta samu ta kira.

 Yana ta gyara wani guntun tef da ya lanƙwashe.

Na maimaita maganar a raina. Ranar da kayana suka kwanta.

"Injiniya," ya ce a hankali, "Tsohuwa murya ɗaya take ɗauka. Ka fi ni sani. Mai ƙarfi ya shiga, ƙarami ya ɓace."

Na ce na sani. Na ce ya tafi. Ya tafi, ya bar min wayarsa a kan teburin don Mamanta ta ji.

Lahadi, biyar na yamma

Wuta ta dawo ƙarfe ɗaya. Kwamfutata tana ajiye ɗanyen sauti na kowace wucewa kafin matatar sauti ta taɓa shi. Ban taɓa buɗe ko ɗaya ba, me zan yi da shara? Guda goma sha shida ne. Na kashe matatar, na sa abin kunne, na fara daga na farko.

Ga ni nan, ƙato, ina cika sama. Na saki. Daƙiƙa uku. A cikin shuuu ɗin akwai wani abu kamar tari. Na ƙara sauti. Wutsiyar kalma ce, haruffa biyun ƙarshe na lambarta. Sai ni kuma, na hau kai.

Rana ta biyu, "...tara ne..." sai ni. Rana ta biyar, "...ajiyar ma..." sai ni. Ranar da na haɗa wat ɗari, ranar da na ce wa mutumin nan 'yata nake nema, tana nan a ƙarƙashin maganar. A kwana biyun ƙarshe ma ba ni ba ne, naɗin muryata ne yake danne ta, ni ina zaune ina shan shayi.

Goma sha uku cikin goma sha shida. Kwana goma sha uku tana fita daga ɗakin da suke ɓoye, ta tsaya a fili da bututu a hannu, a wurin da mutane ba sa so a gan su a fili, tana ƙona batirin da ban san da me take cika shi ba.

Abin da na ce mata a bakin mota shi ne: ranar da kika shiga uku, wannan tarkacen ko bayan katanga ba zai kai muryarki ba. Ta yi dariya ta ce, to Baba sai ka kasa kunne da kyau.

Litinin, tara na safe

Jiya Mamanta ta ji naɗin Kafinta. Ta rungume wayar ta zauna a ƙasa. Ta ce me ya sa sai yau? Na ce yanayi ne.

Da safen nan na zare makirufo daga jikin rediyon, na sa shi a aljihun tebur. Na kashe matatar sautin. Minti biyun farko mutane huɗu suka shigo suna gaisawa, sun ga fili bayan makonni. Ban ji ta ba. Da dutse ya tare na mayar da makirufo, na rage zuwa wat biyar, na ba su haƙuri, na roƙi kowa ya bar minti ukun farko har ranar Jumma'a. Mutumin nan mai ladabi ya ce zai yaɗa wa sauran. Bai ce ai na gaya maka ba. Da ya faɗa da na fi samun sauƙi.

Litinin, uku na yamma

Ni da Kafinta mun kai saƙon ofishin agaji. Layi har waje. Matar da ke teburin ta saurara, ta rubuta mutum tara, ɗakin ajiyar magani, akwai ruwa. Ta ce wannan ne labari na farko da suka samu daga gindin dutse. Ta ce na yaushe ne? Na ce na jiya. Ta ce kash, da makon jiya ne, akwai motocin da aka bari suka shiga ranar Talata suka fito. Yanzu sai an sake ba da izini.

Kafinta ya kalli takalminsa.

A mota na ce gobe zan zo fili in riƙe masa bututu, kayana kuma in ya ga dama ya zo ya kwashe. Ya ce, "Kai dai ba ka iya tsakiya ba. Kunnen kayanka ya fi nawa sau goma, Injiniya. Eriyoyin nan naka za su ji ta tun tana gefen ƙasa. Ka zauna a ɗakinka ka saurara, ni ina fili, in ɗaya ya rasa ɗaya ya samu."

Talata, bakwai da rabi na safe

Kowa ya yi shiru. Ban taɓa jin Tsohuwa haka ba, tashoshi wajen ashirin a ƙarƙashinta babu mai tari. Shuuu kawai.

Babu.

Talata, biyu na rana

Na gaya wa Mamanta. Tana ninke wanki a kan gado. Na faɗa a tsaye, daga farko har ƙarshe, har motocin ranar Talata, ban rage ba.

Ta ce, "Kwana nawa?"

Na ce goma sha uku.

Ta ɗauki rigata ta ninke hannu ɗaya, ta ninke ɗayan, ta shafe ta da tafin hannu ta ajiye. Ta ɗauki wata. Shekara talatin da huɗu da aurenmu, na san faɗanta, na san kukanta, wannan ban san shi ba. Da na juya zan fita ta ce, "Gobe ka sa min kujera a ɗakin."

Laraba, bakwai da kwata na safe

Babu. Mun zauna mu biyu, kowa da abin kunne. Ta ce dama haka sama take da ƙara? Na ce haka take.

Ina ta lissafin batirin nan. Minti biyu sau goma sha huɗu. Ban san me ya sa nake lissafawa ba, ban san da nawa ta fara ba.

Alhamis, bakwai na safe

Babu. Saura gobe.

Jumma'a, bakwai na safe

Tsohuwa ta fito shida da minti ashirin, gari bai gama wayewa ba, amma can sama rana ta riga ta same ta. Injin ya juya. Makirufo yana aljihun tebur. Daƙiƙa goma, ashirin, shuuu. Mamanta ta kama gefen teburin.

Sai lambar. Wannan karon ba siririya ba, eriyoyin sun ɗauko ta tun daga gefen ƙasa, har numfashinta ana ji.

"Mu bakwai ne yanzu. Biyu sun tafi da ƙafa ranar Litinin, ban san labarinsu ba. Har yanzu muna ɗakin magani. Ruwa ya ragu amma akwai. Kwana huɗu ban kira ba saboda batir, layi ɗaya ya rage, na ajiye shi don yau, a takardata yau ce ta ƙarshe mai rana. Ban sani ba ko akwai mai ji." Aka ji iska tana bugun rediyon. "Idan Baba yana ji, ya gaya wa Mama ina cin abinci. Kullum ina ci."

Mamanta ta damƙi hannuna. "Amsa mata! Baban Auta, ka amsa mata mana!"

Na ce ba ta ji. Na ce idan na danna zan rufe ta.

Ta sake kiran lambarta, ta maimaita saƙon daga farko, a natse, kamar mai karanta takardar magani. Mu bakwai ne yanzu. Ta kai wajen ruwa, muryar ta fara tsinkewa, ta dawo, ta tsinke. Minti ɗaya da daƙiƙa hamsin. Ina zaune da hannuwana a ƙarƙashin cinyoyina.

"Ta gama?" in ji Mamanta.

"Dutse ya tare."

"To ba ni abin."

Shekara tara kayan nan suna gidan, ko ƙurarsu ba ta yarda ta goge sai na kashe. Na buɗe aljihun tebur, na haɗa makirufo, na duba wat biyar ne, na nuna mata inda ake dannawa.

Ta riƙe da hannu biyu. Ta ce, "Auta, Mama ce. Na ji ki. Na ji kina ci, to ki ƙara. Ki sa rigar sanyin nan da safe, na san ba ki sa ba, na ji a muryarki. Na gyara ɗakinki, ban zubar da komai ba. Babanki yana nan kusa da ni, ya rame. Shi ma ya ji ki." Ta ci gaba, labarin ƙanwarta, labarin famfon bayan gida da ke ɗiga, wanda ya zo jaje da wanda bai zo ba. Muryarta tana zuwa sama tana dawo mana a kunne.

Minti tara ta yi. Tashoshi ashirin suna ƙarƙashin Tsohuwa, babu wanda ya shigo. Kafinta ma yana fili yana ji. Injin ya bi Tsohuwa har ɓangaren yamma, muryar ta nutse cikin shuuu, Mamanta ba ta saki maɓallin ba sai da ta kai ƙarshen maganarta.

Ban sake ce mata ba ta ji ba. Ta sani.

Asabar, shida da rabi na safe

Tsohuwa ta wuce a bacci. Kwamfuta ta ce sai nan da kwana goma sha ɗaya za a sake samun wucewar da ke da rana kuma ta haɗa mu da gindin dutse. Na kai wa matar ofishin agaji sabon adadi jiya, ta soke tara ta rubuta bakwai.

Mun zauna duk da haka, mu biyu, minti sha biyun gaba ɗaya. Da injin ya tsaya Mamanta ta cire abin kunne ta ce, "Gobe ƙarfe nawa?"

Na gaya mata.